Ƙwaya Bashi Ce, Jiki Ke Biya

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, ga shi jarrabawa ta sake ƙaratowa, kowa kuwa ya san yadda al'amura kan sauya a irin wannan lokaci. Ɗakin karatu kan cika maƙil, fitilun ɗakunan kwana ba su mutuwa sai asuba, mai shayi kuma kakarsa ta yanke saƙa. A wannan lokaci ne kuma wata kasuwa wadda ba ta da rumfa takan ci sosai, watau kasuwar ƙwayoyin da ake cewa suna hana barci, suna ƙara kaifin basira, ko suna kwantar da hankalin wanda fargaba ta dama. Dalilin da ya sa ke nan Mujallar nan ta ga ya wajaba ta keɓe shafinta na farko ga wannan magana.

Al'amarin dai ya wuce a ce na 'yan tsiraru ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Janairu na 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 suka sha magungunan kashe zafi irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuwa maganin tari. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce. A Jihar Kano kaɗai adadin ya haura miliyan guda. Jami'a ba tsibiri ba ce. Abin da ya ci gari ba zai tsaya a bakin ƙofarta ba.

Malaman addini sun yi wa'azi, iyaye sun yi faɗa, hukuma ta yi doka, kuma duk sun yi daidai. Abin da ya rage, wanda ya fi dacewa da mu da muka zo neman ilmi, shi ne mu san abin da ƙwaya take aikatawa daga lokacin da ta wuce maƙogwaro. Duk wanda ya san wannan zai gane magana guda, ita ce kuma maganarmu a yau: ƙwaya ba ta zuwa da ƙarfi ko farin ciki ko basira daga waje. Abin da ke cikin rumbun jiki take kwasowa ta ba mutum yau, gobe kuma jiki ya biya har da kuɗin ruwa.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ita ke cinye wajen kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. A cikinta akwai 'yan ƙananan jijiyoyi kimanin biliyan 86, kowace tana magana da dubban 'yan'uwanta. Abin mamaki shi ne jijiyoyin nan ba su manne da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai wani ɗan rata wanda ido ba ya gani, saboda haka idan ɗaya za ta isar da saƙo sai ta saki wani sinadari, ya haye ratan, ya buɗe wata ƙofa a jikin ta gaba, kamar yadda mabuɗi ke buɗe kwaɗo. Da ya isar da saƙo sai a janye shi, ko a rushe shi, domin hanya ta zauna a share. Waɗannan sinadarai su ne 'yan aiken ƙwaƙwalwa, kowanne da ƙofarsa da irin saƙonsa.

Biyu daga cikinsu su ke riƙe da ragamar sauran. Ɗaya ana kiransa gulutamet, aikinsa zaburarwa, kamar ƙaimi ga doki. Ɗayan kuma ana kiransa GABA, aikinsa tsayarwa, kamar linzami. Lafiyar hankali tana ga daidaiton waɗannan biyu. Akwai kuma na uku wanda sunansa zai yi ta fitowa a maganar nan, shi ne dofamin. Shi ake saki sa'ad da mai yunwa ya ga tuwo, ko ɗalibi ya ga sunansa cikin waɗanda suka ci, kuma saƙonsa shi ne: wannan abu yana da amfani, a riƙe shi, a sake nemansa. A 1954 wasu masana biyu a Jami'ar McGill ta Kanada, James Olds da Peter Milner, suka sa wa ɓeraye 'yar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwa, suka haɗa ta da wani madanni. Ɓerayen nan suka dinga danna shi ba ji ba gani, har sau ɗaruruwa a sa'a guda, gwaje-gwajen baya kuma suka nuna cewa ɓera yakan bar abinci saboda madannin. Wannan hanya da suka gano, hanyar lada, ita ce kusan dukan abubuwan da ke kama mutum suke bi, kowanne ta ƙofarsa.

Manyan dabarun ƙwaya uku ne. Ko dai ta yi shigar ɗan aike ta buɗe ƙofarsa da mabuɗin jabu, ko ta tilasta a saki ɗan aiken fiye da kima ta kuma hana a janye shi, ko kuwa ta toshe ƙofar ta hana saƙo shiga. Bari mu fara da misali mafi sauƙi, wanda babu gidan da ba a san shi ba, watau goro. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin yake ta taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne ke sanar da ita cewa gajiya ta yi. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da gahawa yana zuwa ya toshe ƙofar adinosin, sai barci ya gudu. To, amma gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba, adinosin kuma bai daina taruwa ba. Sanarwar kawai aka hana. Da kafeyin ya janye sai duk abin da ya taru ya afko gaba ɗaya. Goro ƙaramin bashi ne, wanda dare guda na barci ke biya. Waɗanda za mu ambata yanzu manyan basusuka ne.

Na farko su ne dangin ofiyam, watau daskararren ruwan wani fure da ake nomawa a ƙasashen Asiya. Daga gare shi aka fitar da mofin a farkon ƙarni na 19, aka fitar da kodin a 1832. A 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da hirowin, kuma a matsayin maganin tari ya sayar da shi. Ashe tarihin kwalbar da ake ɓoyewa a aljihu yau tsoho ne. An daɗe ana mamakin yadda ruwan fure zai sami iko haka a kan ɗan Adam, sai a 1973 Candace Pert da Solomon Snyder a Amurka suka nuna cewa ƙwaƙwalwa tana da ƙofofi na musamman da mofin ke buɗewa. Bayan shekara biyu John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka gano dalili: jiki yana da nasa maganin kashe zafi, wanda yanzu ake kiran danginsa endofin, shi ne mai ƙofar na asali. Shi ke sa ɗan dambe bai jin raunin da aka yi masa sai an tashi daga fage. Mofin da danginsa masu mabuɗin jabu ne.

Kodin idan ya shiga jiki sai hanta ta juya wani kaso nasa zuwa mofin. Hantar wasu mutane ta fi ta wasu saurin yin wannan aiki, abin kuwa gado ne, saboda haka abin da wani ya sha ya tashi lafiya yana iya kwantar da abokinsa. Ƙofofin nan ba a hanyar zafi kaɗai suke ba. Suna nan a hanji, shi ya sa mashayi ke fama da taurin ciki. Suna nan a inda ake sarrafa sinadaran balaga, shi ya sa sha'awa ke raguwa ga namiji, al'ada kuma ta rikice ga mace. Mafi haɗari duka, suna nan a tushen ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, wurin da ke ba huhu umurnin numfashi ko mutum yana barci. Idan ƙwaya ta yi yawa sai wannan wuri ya yi shiru, numfashi ya dinga ja baya har ya tsaya. Mutanen ɗaki su ɗauka minshari yake yi, alhali kuwa rai ne ke fita.

Tiramadol, wanda aka fara haɗawa a Jamus a 1962, ya ƙara da wani sharrin a kan wannan. Ban da buɗe ƙofar endofin, yana hana a janye wasu 'yan aike biyu, sirotonin da noradirenalin, shi ya sa mai shan sa ke jin kuzari maimakon kasala, shi ne kuma dalilin da ya sa idan ya yi yawa yake kayar da mutum da farfaɗiya, ko da bai taɓa yin ta ba. A asibiti ƙwayar miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, kuma ba a wuce 400 a wuni. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa akwai mai 200, akwai mai 225 a ƙwaya guda. Lebura da manomi da mai tura baro sukan ce yana ba su ƙarfi. Gaskiyar magana zafin da ya kashe musu mai gadi ne, shi ke gaya wa mutum cewa bayansa ya gaji, gwiwarsa ta ji ciwo. An rufe bakin mai gadi, ɓarawo kuwa yana ta aikinsa.

Na biyu su ne masu jan linzami, watau giya da ƙwayoyin barci irin su diyazifam da Rohypnol, wanda ke mayar da harshe shuɗi. Dukansu suna ƙara wa GABA ƙarfi, giya kuma ta haɗa da raunana gulutamet. Wurin da ke fara yin sanyi shi ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, mazaunin kunya da hangen nesa. Shi ya sa mutum ke ganin ya sami ƙarfin hali, nan kuwa mai tsawata masa ne ya yi barci. Daga nan sai harshe ya yi nauyi, tafiya ta karkace. Suna kuma hana ƙwaƙwalwa rubuta abin da ke faruwa, har mutum ya yi magana, ya yi faɗa, ya wayi gari bai san ya yi ba. Wannan hali ne ya sa miyagu ke jefa irin ƙwayoyin nan cikin abin sha, don haka muna jan kunnen 'yan'uwanmu mata musamman, kada a karɓi abin sha a buɗe daga hannun da ba a amince da shi ba. Wanda kuma ya haɗa kodin da ƙwayar barci ko giya, ya sa hannaye biyu ke nan sun shaƙe wurin numfashi ta hanyoyi daban-daban. Da yawa daga cikin mace-macen ƙwaya daga irin wannan gauraye suke.

Na uku su ne masu sukar ƙaimi, hodar iblis da kuma metamfetamin, wanda matasa ke kira Ice. Hodar iblis tana hana a janye dofamin bayan ya isar da saƙo, sai ya tsaya yana ta buga ƙofa. Metamfetamin ya fi ta ɓarna, zama shi shiga cikin jijiyar yake yi ya kwararo da abin da aka ajiye, kuma aikinsa kan kai sa'a takwas zuwa goma sha biyu, alhali nata bai cika wuce sa'a guda ba. An raba shi ga sojojin Jamus a farkon Yaƙin Duniya na Biyu domin su yi kwanaki ba barci, kuma tun a lokacin aka ga yadda suke zubewa bayan haka. A nan gida, a 2011 ne jami'an Hukumar NDLEA suka fara gano wurin da ake dafa shi a Legas. Zuciya takan yi ta dukan uku-uku, jini ya hau, jiki ya yi zafi, abinci ya fita daga rai, haƙora su lalace; saurayi ɗan shekara ashirin yana iya samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Idan aka jima sai zargi ya shigo, mutum ya ga kowa maƙiyinsa ne, ya dinga jin muryoyin da babu su.

A nan ne ya kamata mai shan ƙwaya don karatu ya tsaya ya yi tunani. Abin da ka karanta da rana a wani ɗan rumbu na wucin gadi ake fara ajiye shi, cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwa ke bitarsa, ta kwashe shi zuwa ma'ajiya mai ɗorewa. Wanda ya kwana uku idonsa biyu ya yi ta zuba hatsi ne a buhun da ba a ɗinke gindinsa ba. Abin da ƙwayar ta fi ƙara masa shi ne jin cewa ya iya, wannan kuwa daban yake da iyawa, kuma mai duba takarda iyawar yake ba maki.

Na huɗu ita ce tabar wiwi, wadda masu kare ta ke cewa ai ganye ne, Allah ya tsiro da shi. Haka ne, amma zaƙami ma tsiro ne. A 1964 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tantance sinadarin da ke sa maye a cikinta, wanda ake kira THC, a 1992 kuma aka gano ɗan aiken jiki wanda yake kwaikwayo. Ƙofofinsa sun fi yawa a wuraren da ke kula da tunawa, da daidaita motsi, da auna lokaci, saboda haka mai shan ta yakan manta farkon maganarsa kafin ya kai ƙarshenta. Sinadarin yana narkewa cikin kitse, don haka yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, bai gama fita daga jiki ba. Kimanin ɗaya cikin goma na masu shan ta takan kama su, ga wanda ya fara tun yana ɗan makaranta kuwa ɗaya cikin shida ne. Wani babban bincike da aka yi a wasu biranen Turai da Barazil, aka buga a 2019, ya nuna cewa masu shan ta kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kamar sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfin kuwa kusan sau biyar. Ga kuma wanda ake fesa wa sinadaran masana'anta, wanda ke buɗe ƙofar nan gaba ɗaya har ya kawo farfaɗiya da mutuwa.

Sai kuma na talaka, waɗanda araharsu ta sa ake raina su. Sholisho da fetur da makamantansu suna narkar da maiƙo, jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa da wani irin maiƙo aka naɗe su, kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba. Shaƙa ta yau da gobe tana cinye wannan rufi, sai hannu ya kama rawa, ji da gani su ragu, tunani ya dushe, kuma wani abin ba ya dawowa. Suna kuma iya rikita bugun zuciya ta tsaya nan take, ko da ranar ce mutum ya fara. Zaƙami kuwa, wanda kakanninmu suka yi wa laƙabi da haukata-yaro, toshe ƙofar wani ɗan aike yake yi mai suna asitilkolin. Baki ya bushe, fata ta yi zafi, ƙwayar ido ta buɗe, fitsari ya ƙi fita, mutum ya yi ta magana da waɗanda ba su nan. Ƙwayar Exol, wadda likitoci ke ba masu ciwon karkarwa, wannan ƙofar take toshewa. Wanda ya sha ta don maye zaƙami ya sha a cikin kwali. Ita ma taba sigari kada a manta da ita: nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin, ya sa a saki dofamin, kuma saurin nan ne ya sa barinta ke da wuya. Ruwan da ke cikin tukunyar shisha ba ya tace gubar hayaƙin.

To, ina kuɗin ruwan yake? Ƙwaƙwalwa ba ta son a rinjaye ta. Idan aka yi ta dukan ƙofa ɗaya kullum, sai ta rage yawan ƙofofin, ta kuma rage ɗan aiken da take yi da kanta. Hotunan ƙwaƙwalwa da likita Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka tun cikin shekarun 1990 sun nuna ƙarancin ƙofofin dofamin ga masu shan hodar iblis, aka kuma ga irin haka ga mashaya giya da hirowin. Sakamakon wannan iri biyu ne. Ƙwaya ɗaya da ta isa jiya ba ta isa yau, sai biyu, sai huɗu. Sa'an nan abubuwan da a da ke faranta rai, hira da abokai, ƙwallo, girkin uwa, cin jarrabawa, duk sai su zama lami, domin ƙofofin da suke bi sun ragu. A farko mutum yana sha don ya ji daɗi, a ƙarshe yana sha don ya ji kamar yadda kowa ke ji ba tare da ya sha komai ba.

Haka kuma idan aka daɗe ana jan linzami, ƙwaƙwalwa takan ƙara kaifin ƙaimi don ta daidaita. Ranar da aka saki linzamin farat ɗaya sai doki ya zabura ba mai riƙe shi. Mai barin kodin ko tiramadol yakan yi fama da ciwon gaɓoɓi, da zawo, da gumi, da hamma, da rashin barci na kwanaki. Mai barin giya ko ƙwayar barci bayan dogon sabo nasa ya fi haɗari, zama yana iya faɗuwa da farfaɗiya har ya rasa ransa, shi ya sa ba a yanke su sai a hannun likita, a hankali. Wani tarkon kuma shi ne wanda ya bari na wata biyu ya koma: sabon jikinsa ya tafi, amma hannunsa bai manta adadin da ya saba ɗauka ba, adadin nan kuwa yanzu ya isa ya kashe shi.

Mai cewa ai ni duk ranar da na ga dama zan bari, ya sani cewa da sashen gaba na ƙwaƙwalwa ake yanke shawarar bari, shi ne kuma sashen da ƙwaya ke raunanawa. Sashen nan bai gama nuna ba sai mutum ya kai wajen shekara 25, watau galibinmu ana kan gininmu ne. Gado ma yana da hannu, masana na ƙiyasta rabonsa da kusan rabi, babu kuma wanda aka rubuta wa nasa rabon a goshi. Abokinka da ya sha ya tsira ba hujja ba ce gare ka.

Duk wanda ya bi mu zuwa nan zai ga cewa wanda ƙwaya ta kama majiyyaci ne, ko da kuwa da ƙafarsa ya je ya ɗauko ciwon. Mari da bulala ba su mayar da ƙofofin da suka rufe. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, sa'ad da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, waɗanda iyaye suka kai da kyakkyawar niyya. Doka ma ita kaɗai ba ta isa ba. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, bayan wani rahoto na BBC. A watan Fabrairu na 2025 sai ga wani rahoton ya bankaɗo wata sabuwar ƙwaya, gaurayen tafentadol da wani maganin sassauta tsoka, da ake yo wa Afirka ta Yamma daga Indiya. Muddin akwai mai nema, mai sayarwa zai sami hanya. Abin farin ciki shi ne ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa. Binciken da aka buga a 2001 ya nuna cewa masu shan metamfetamin da suka yi fiye da shekara guda ba su taɓa shi ba, hanyoyin dofamin nasu sun dawo sosai. Akwai kuma masana wannan aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da asibitocin koyarwa.

Saboda haka Mujallar nan tana kira ga hukumar Jami'a da ta bambanta tsakanin mai sayarwa da wanda aka sayar wa. Mai sayarwa a miƙa shi ga hukuma, ba sani ba sabo. Amma ɗalibin da ya kawo kansa asibiti, ko ya ɗauko abokinsa ranga-ranga, a ba shi tabbaci a rubuce cewa ba za a kore shi saboda haka ba. In ba haka ba tsoron kora zai sa a rufe ƙofa a kan wanda ke mutuwa. Muna roƙon asibitin Jami'a ya tanadi allurar nalokson, wadda ke fizge dangin mofin daga ƙofarsu ta dawo da numfashi cikin 'yan mintoci, a kuma samar da mai ba da shawara wanda ɗalibi zai gana da shi cikin sirri. Ita kuma Ƙungiyarmu, ya kamata ta gayyato malaman sashen likitanci da na haɗa magunguna su yi wa sababbin ɗalibai wannan bayani tun makon farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma 'yan'uwa, ga abin da ke wuyan kowannenmu. Idan ka ga abokin ɗakinka ya ƙi farkawa, numfashinsa na ja da ƙyar, leɓɓansa sun sauya launi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, kada ka ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Kada a ɗura masa madara ko manja, zama suna iya shiga huhu. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Wanda kuma ya san abin ya riga ya kama shi, ya tuna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya faɗa wa likita tun bashin bai fi ƙarfinsa ba. Wanda bai fara ba kuwa, ya raba karatunsa tun yanzu, ya ci abinci, ya ba idonsa haƙƙinsa na barci. Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi sun turo mu nan saboda wannan ƙwaƙwalwa, ƙasa kuma tana jiran abin da za ta haifar. Ba mu da wata jarin da ta wuce ta, bai kamata mu jinginar da ita a hannun mai kanti ba.

Allah ya kare mu, ya ba masu fama lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya, amin.

Edita